Ƙanƙarar Dauri da Ƙasar Attantane

Jama'a, Sahara ba kullum take da zafi ba. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce, arewacin Afirka yana kusa da ƙuryar kudancin duniya, ƙanƙara ta lulluɓe shi. Da tana tafiya sai ta kankare duwatsu. Har yau ana ganin zanen a tsaunukan Jado da ke jihar Agadas.

A Attantane da sauran ƙasar Tasawa da Mayahi kuwa, dutsen tushe yana can ƙasa, rairayi ya binne shi. Nan ruwa da iska ne suka yi aikin. Ruwan sama ya riƙa narka dutse sannu a hankali, ya bar yumɓu da marmara. Lokacin da damina take da ƙarfi, ruwa ya haƙa Gulbin Kaba. Da fari ya zo, iska ta tara jigawa.

Shi ya sa ruwan rijiya ya fi kusa a cikin gulbi, inda goruba take, ya fi nisa a kan tudu. Mai shirin aiko kuɗin haƙa rijiya, ya fara tambayar wurin.