Lofoten: Tsibiran da Busasshen Kifi Ya Raya

A can ƙuryar arewacin Norway, inda rana kan yi makonni ba ta faɗi ba a lokacin zafi, tsibiran Lofoten suke. Duk shekara, daga Janairu zuwa Afrilu, kifin kod yakan taso daga Tekun Barents domin ya zuba ƙwai a gaɓarsu. Masunta kan rataye shi a kan dirkokin katako, iska mai sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ba.

Wajen shekarar 1120 Sarki Øystein ya sa aka gina wa masunta bukkoki a Vågan. Daga baya fataken Jamus da ke Bergen suka riƙa kai kifin kasuwannin Turai. A 1432 jirgin wani ɗan kasuwar Venice, Pietro Querini, ya halaka, shi kuwa ya tsira a tsibirin Røst, ya koma Italiya da guzurin kifin. Yau Italiya da Najeriya na cikin manyan masu sayensa.

Sai dai jajayen bukkokin masuntan yanzu galibi masaukin 'yan yawon buɗe ido ne. Baƙi na kawo kuɗi, amma sana'ar da ta ƙawata wurin ita ce ke neman matsuguni.