Tarbiyyar Shugabanci a Karkarar Ƙasar Hausa: Nazari a kan Gandu, Gayya da Sarautar Noma

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin gandu da gayya da sarautar noma, domin gano tafarkin da manoman ƙasar Hausa suke bi wajen renon shugabanni. Da'awarta ita ce, a wurin manomi shugabanci amana ce da ake samu da aiki, ake riƙewa da sauke haƙƙi, kuma mabiya suna da ikon karɓe ta. An auna wannan da'awa da abin da ya faru a Bakolori da kuma Maraɗi.

Gabatarwa

Ko da yake galibin masu rubutu a kan sha'anin mulki sukan karkata hankalinsu ga fada da majalisa, sarakunan da suka san asirin al'amarin ba su taɓa raba shi da gona ba, domin kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, a cikin Usul al-Siyasa da ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafa kula da manoma da masu sana'a da raya ƙauyuka a cikin wajibai na mai mulki. Madogarar wannan nazari ita ce binciken M. G. Smith a kan tattalin arzikin ƙasar Zazzau (1955), da na Polly Hill a Batagarawa (1972), da na Guy Nicolas a yankin Maraɗi.

Gandu: haƙƙi da wajibi

Gandu shi ne 'ya'ya ko ƙanne, har da masu aure, su yi noma a ƙarƙashin uba ko wa, suna ci daga rumbu ɗaya. Abin lura shi ne biyayyar da ake yi wa mai gandu tana da farashi, saboda a wuyansa iri yake, da garma da hauya, da ciyarwa, da haraji a zamanin da ake biyansa, da ɗawainiyar auren fari na samarin gidan. Sa'an nan wajibi ne ya yanka wa kowannensu gayauna, ya kuma bar masa lokacin da zai nome ta, amfaninta kuwa na mai ita ne. Hill ta bayyana gandu a matsayin yarjejeniya ta son rai wadda kowane ɓangare yake amfana da ita, wato ɗan da aka tauye wa haƙƙi yana iya ficewa, abin kunyar kuwa ya tabbata a kan uban.

A cikin wannan makaranta, wadda ba ta da allo balle tawada, yaro yakan fara da koron tsuntsaye da kai abinci gona, ya kai ga shuka da noman firi da maimai, har ranar da za a sallama masa gayauna, inda zai yanke wa kansa hukuncin abin da zai shuka da lokacin da zai shuka shi, ya kuma ɗanɗani sakamakon ra'ayinsa da kaka, alhali kuskurensa bai isa ya jefa gidan cikin yunwa ba. Hikimar ita ce a ba almajirin shugabanci iko na haƙiƙa, amma mai iyaka, tun mai horonsa yana raye.

Gayya da sarautar noma

Mai kiran gayya ba shi da dogari ko ɗan doka. Abin da yake tara masa samari da makaɗan gangar noma shi ne abincin da zai ciyar, da kuma shaidar da jama'a suka yi masa cewa shi ma yana amsa kiran wasu. Saboda haka yawan kunyoyin da aka nome masa ma'auni ne na mutuncinsa, kuma gari yakan karanta wannan ma'auni a fili. A nan ne matashi yake gane cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sarautar noma kuwa, a asalinta kamar yadda Nicolas ya tarar da ita a wurin Annan Maraɗi, wato masu bin addinin gargajiya, tana rataye ne da bikin dubu, inda mutum zai noma dami dubu, ya tara jama'a, ya rabar da dukiya mai yawa, kafin a kira shi Sarkin Noma. Sharuɗɗa biyu ne ke nan, ƙwarewa da kyauta, kuma ɗaya ba ya isarwa in babu ɗaya. Shari'a ta tabbatar da na biyun ta fuskar zakka, da ta ɗora ushiri a kan abin da ruwan sama ya shayar, da rabinsa a kan abin da aka shayar da wahala.

Gwaji biyu na zamani

Sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, an karɓi gonakin mutane, an jinkirta diyya, an kuma tsara musu noman rani ba tare da neman shawararsu ba. Da suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, sai aka tura 'yan sanda a watan Afrilu na 1980, aka yi asarar rayuka masu yawa. An nemi biyayyar gandu, amma ba a sauke wajibin mai gandu ba.

A Maraɗi kuwa, daga 1983, wani mai suna Tony Rinaudo ya fara nuna wa manoma amfanin barin kututturan itatuwa su tofo a gona, a riƙa sassabe su maimakon tumɓukewa, kuma abin ya yaɗu ne daga manomi zuwa maƙwabcinsa, bayan ido ya ga amfanin gonar wanda ya riga ya gwada. A ƙauyen Ɗan Saga na yankin Agye, jama'a suka kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa da mata da Fulani makiyaya. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai hekta miliyan 5.

Kammalawa

Adalci ya wajabta a faɗi aibin waɗannan al'adu: gandayen sarakuna sun tsayu a kan wuyan bayi, talaka ba shi da abin ciyar da gayya, mata kuma ba su cika samun kujera a wurin shawara ba, ga ci-rani da ƙarancin ƙasa sun raunana gandu. Duk da haka ƙa'idoji uku suna nan daram, kuma ya kamata ƙungiyoyin manoma da malaman gona da makarantun horar da ma'aikata su gina tarbiyyarsu a kansu: a ɗora wa matashi aiki na gaske tun da wuri, a zaɓi shugaba bisa abin da aka ga ya noma, a kuma bar wa mabiya ƙofar tuhuma da ta janyewa a buɗe.