Tarihin Yawon Kallon Kifin Wel: Yadda Mafarauta Suka Koma 'Yan Rakiya

Takardar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke fataucin bandar kifi a Yawuri. Ya ce ya ji wai a wasu ƙasashe mutane kan biya kuɗi su shiga jirgin ruwa su nausa teku don kawai su kalli wani ƙaton kifi, su juyo gida hannu rabbana, ba koma ba ƙugiya. Shin gaskiya ne? In kuwa gaskiya ne, yaya aka yi aka fara, ko dai kuɗi ne ya yi musu yawa?

To Malam, gaskiya ne. Amma kafin a kai ga kallon nan sai da aka yi ɓarna mai yawa, kuma in ba ka ji labarin ɓarnar ba, ba za ka gane dalilin kallon ba.

Da farko dai, wannan halitta da Turawa ke kira wel, kifi muke ce masa don a ruwa yake, amma ba kifi ba ne. Macen ba ta yin ƙwai, haihuwa take yi ta shayar da ɗanta nono, kuma tilas su riƙa tasowa saman ruwa suna shaƙar iska. Kai da ke bakin Kwara ka san ayu, to shi ma haka yake, sai dai girman ba ɗaya ba. Iri-iri ne, amma wanda aka fara yawon kallo a kansa shi ne mai ruwan toka na Tekun Fasifik. Tsawonsa kan kai mita 14, nauyinsa kuwa ya kai tan 30, wato kamar buhun masara 300.

Shi ma yana da nasa cin rani. Lokacin zafi yana can arewa, wajen Alaska, yana kwasar laka a ƙasan teku yana tace ƙananan halittun ciki da wani abu mai kama da rariya da ke bakinsa. Da sanyi ya kama sai ya gangaro kudu, ya bi gaɓar Amurka har zuwa wasu tafkunan gishiri masu haɗe da teku a yankin Baha Kalifoniya na ƙasar Meksiko, inda matan ke haihuwa. Tafiyar nan, zuwa da komowa, ta haura kilomita 16,000. Kamar ka tashi daga Kano ka je Legas ka dawo ne har sau takwas.

Wannan ɗabi'a ta taruwa wuri guda ita ta jawo masa bala'i. A wancan zamani babu lantarki, da man kitsen wel ake kunna fitilu a ƙasashen Turawa, ana kuma zuba wa injuna. A shekarar 1857 wani kyaftin mai suna Charles Scammon ya shiga ɗaya daga cikin tafkunan, wanda ake kira Ojo de Liebre, ya tarar da uwaye da 'ya'yansu jingim. Labari ya bazu, jirage suka yi ca a wurin. Wani lokaci sai su soki ɗan, don sun san uwa ba za ta gudu ta bar shi ba. Ita kuwa uwa ba ta tsayawa kallo, takan afka wa kwale-kwalen ta farfasa shi, har mafarautan suka laƙaba wa wannan iri suna shaiɗanin kifi. Ba a cika shekara 20 ba tafkunan suka zama wayam.

Sai ka ce ai da aka haƙa rijiyar mai a Amurka a 1859, kananzir ya wadata, wel ya huta. Ina! A 1870 wani ɗan ƙasar Norwe, Svend Foyn, ya yi rajistar wata bindiga mai harba mashi da nakiya a bakinsa. Daga baya aka ƙera manyan jirage masu narka kitse tun a cikin teku, ana kai man a yi sabulu da man girki. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai an kashe wel kusan miliyan 3 a tekunan duniya. Ganin kayan na neman ƙarewa, a 1946 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa hukumar kula da farautar wel ta duniya, aka hana kashe mai ruwan toka don kasuwanci. A 1982 hukumar ta yanke a dakatar da farautar kasuwanci ta kowane iri, dokar ta fara aiki a 1986. Norwe da Aislan sun koma farautar daga baya, Japan kuma ta fice daga hukumar a 2019.

Da aka sassauta masa, sai mai ruwan toka ya fara farfaɗowa, mutanen birnin San Diyego na jihar Kalifoniya suka riƙa hango feshin numfashinsa daga tudu. A 1950 aka keɓe wani tudu a bakin teku don masu kallo, kuma a shekarar farko mutum wajen 10,000 suka je. A 1955 wani masunci na garin, da ya ga kamu ya ja baya lokacin sanyi, ya fara ɗaukar mutane a jirginsa kan dala 1 kowane kai. Ka ji mafarin sana'ar.

A Meksiko kuwa masunta ba su daina tsoron shaiɗanin kifi ba sai a 1972. Wani masunci, Francisco Mayoral, yana su a tafkin San Ignacio sai ga wel ya taso dab da ɗan kwale-kwalensa, ya ƙi tafiya. Da tsoro da komai ya miƙa hannu ya shafa shi, bai yi masa komai ba. Har yau a tafkin uwaye kan turo 'ya'yansu kusa da kwale-kwale. Idan sanyi ya shigo, masuntan wurin kan ajiye koma su koma jigilar baƙi, gwamnati kuma ta ƙayyade yawan kwale-kwalen da za su shiga da daɗewar da za su yi. A 2000 ma aka soke shirin kafa wata babbar masana'antar gishiri a bakin tafkin, bayan jama'a sun yi ta ƙorafi.

Ba wel kaɗai mai kallo ke gani ba. A hanya akan ci karo da garken dolfin suna tsere da jirgi, da zakin teku kwance kan duwatsu yana shan hantsi, da kwasakwasa tana faɗawa ruwa tana cafke kifi, wani lokaci har da kunkurun teku. A gaɓar Kalifoniya lokacin zafi mai rabo kan ga shuɗin wel, wanda tsawonsa kan kusa mita 30, babu dabbar da ta kai shi girma a duniya. Mu ma nan kusa, wani irin wel mai doro kan zo gaɓar Gabon da Jamhuriyar Benin wajen watan Agusta zuwa Oktoba.

Batun kuɗi kuwa, wani bincike ya nuna a 2008 mutum miliyan 13 ne suka yi yawon nan a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe dala biliyan 2.1. Lissafin irin na Bafulatani ne. Saniyar da aka yanka sau ɗaya ake sayar da namanta, wadda aka bari kuwa kullum ana tatsa.

Sai dai kada ka ɗauka magana ta ƙare. Amurka ta cire mai ruwan toka daga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu a 1994, kuma a 2016 an ƙiyasta su wajen 27,000. Amma tun daga 2019 aka riƙa tsintar gawarwakinsu a gaɓa, da yawa a rame. Masana sun danganta haka da sauyin yanayi da ya taɓa abincinsu can arewa. Ƙiyasin 2025 ya sauko wajen 13,000. Ga kuma haɗarin karo da manyan jirage da sarƙewa a igiyoyin masunta.

Saboda haka Malam, ba yawan kuɗi ne kawai ya kawo kallon nan ba, sai da aka kusa rasa abin sannan aka san darajarsa. In ka sami sukuni, tambayi dattawan Sarkawa na wajenku ayu nawa suke gani suna yara, nawa ake gani yanzu, ka rubuto mana amsarsu mu karanta wa jama'a. Da fatan ka gamsu. Sai wani mako in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.