Akwatin tattaunawa

Akwatin tattaunawa wata ƙaramar taga ce da manhajar kwamfuta ko ta waya ke fitarwa a kan allo domin ta sanar da mai amfani wani abu, ko ta yi masa tambaya, ko ta karɓi bayanai daga gare shi kafin ta ci gaba da aiki. An ba shi wannan suna ne saboda ya yi kama da 'yar gajeriyar hira: manhaja ta faɗi nata, mutum ya amsa ta hanyar danna maɓalli ko rubuta wani abu, sannan akwatin ya rufe. Misalin da aka fi sani shi ne tambayar da ke fitowa idan mutum zai rufe takardar da bai adana ba. Haka nan akwatin da ke bayyana a wayar Android idan an danna lambar USSD domin duba kuɗi ko tura su. Tun da akwatin yana katse wa mutum abin da yake yi, amfaninsa ya dogara ne a kan fitowa lokacin da ya dace da kuma faɗin abin da za a gane.

Sassan akwati

Akasarin akwatunan tattaunawa suna da take a sama, da saƙo a tsakiya, da maɓallai a ƙasa. Wasu suna ɗauke da alama da ke nuna irin saƙon, wato bayani ne, ko gargaɗi, ko kuskure. Waɗanda ke karɓar bayanai kuma suna da gurbin rubutu, da jerin zaɓi, da ƙananan murabba'ai da ake sa wa alamar amincewa. A kwamfuta, danna madannin Enter yakan zaɓi maɓallin da aka fifita, madannin Esc kuma yakan soke. Ɗigo uku a ƙarshen wani umarni a cikin jerin umarnai alama ce cewa akwati zai fito ya nemi ƙarin bayani kafin a aiwatar da umarnin.

Tarihi

Asalin akwatin yana haɗe da binciken da aka yi a cibiyar Xerox PARC da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda aka ƙera kwamfutar Alto a 1973 mai amfani da tagogi da linzami. Kwamfutar Xerox Star ta 1981 tana da ƙananan tagogi na sauya siffofin abin da aka zaɓa. Kamfanin Apple ya faɗaɗa wannan tsari a kwamfutar Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984, wadda ta zo da sashe na musamman mai kula da akwatunan tattaunawa domin duk manhajoji su yi kama da juna. Microsoft ya fitar da Windows na farko a watan Nuwamba 1985, sannan Windows 3.1 na 1992 ya zo da akwatunan gama-gari na buɗe fayil, adanawa, bugawa da zaɓen launi.

Kalmomin da ke kan maɓallai ma suna da nasu tarihi. Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina Macintosh, ya ba da labarin cewa maɓallin amincewa na Lisa da farko an rubuta masa Do It. A lokacin gwaji sai wani ya karanta shi a matsayin kalmar Turanci mai nufin wawa, ya ɗauka kwamfutar zaginsa take yi. Daga nan aka koma ga OK.

Ire-ire

Ana raba akwatunan tattaunawa gida biyu. Na farko shi ne mai tsare hanya, wanda masu rubuta manhaja ke kira modal. Muddin yana buɗe, mutum ba zai iya taɓa babbar tagar da ke bayansa ba sai ya ba da amsa. Ana amfani da shi idan aiki ba zai yiwu ba sai an samu amsar, kamar neman kalmar sirri ko sunan da za a ba fayil. Wani yana tsare manhaja ɗaya ne kawai, wani takarda ɗaya kawai, kamar akwatin da ke manne da tagarsa wanda Mac OS X ya zo da shi a 2001. Wani kuwa yana tsare kwamfutar baki ɗaya.

Na biyu shi ne marar tsare hanya, wanda ke zama a gefe mutum yana ci gaba da aikinsa. Akwatin neman kalma da maye gurbinta a manhajojin rubutu da yawa irin wannan ne. Larry Tesler, wanda ya yi aiki a Xerox da Apple, ya shahara wajen adawa da duk tsarin da ke kulle mai amfani a cikin yanayi guda, kuma ra'ayinsa ya yi tasiri wajen fifita wannan nau'i a inda zai yiwu.

Yadda manhaja ke nuna shi

Mai rubuta manhaja ba kasafai yake zana akwatin da kansa ba. Yakan kira wani umarni da babbar manhajar na'urar ko wata ma'ajiyar kayan aiki ta tanada. A Windows akwai MessageBox, wanda ake ba abubuwa huɗu: tagar da ta mallaki akwatin, da saƙo, da take, da irin maɓallan da ake so. Idan mutum ya danna, umarnin yakan mayar da lamba: 1 idan an amince, 2 idan an soke, 6 idan an ce e, 7 idan an ce a'a. Da wannan lamba manhaja take sanin hanyar da za ta bi. A harshen Java akwai JOptionPane, a Python akwai messagebox na tkinter, a Android kuma akwai AlertDialog.

A shafukan intanet, harshen JavaScript yana da umarnai uku da suka daɗe: alert na sanarwa, confirm na neman amincewa, da prompt na karɓar rubutu. Dukansu suna dakatar da aikin shafin har sai an amsa. Daga baya aka ƙara wa HTML wani sashe mai suna dialog, wanda ke iya buɗewa a matsayin mai tsare hanya ko akasin haka. Burauzar Chrome ta fara karɓarsa a 2014, Firefox da Safari kuma a watan Maris 2022.

Jerin maɓallai ya bambanta. A Windows maɓallin amincewa yana hagu, na sokewa yana dama, amma a macOS da GNOME na amincewa ne a dama. Android ya koma wannan tsari na biyu tun daga sigar 4.0 ta 2011. Manhajar da ta saɓa wa tsarin na'urar da take kai tana iya sa mutum ya danna abin da bai yi niyya ba.

Matsalar sabo

Babban raunin akwatin tattaunawa shi ne sabo. Idan tambaya iri ɗaya tana fitowa kullum, hannu yakan riga ido, mutum ya danna bai karanta ba. Jef Raskin, wanda ya fara aikin Macintosh, ya yi bayanin haka a littafinsa The Humane Interface na shekarar 2000, inda ya nuna cewa tambayar tabbatarwa tana zama wani ɓangare na al'adar hannu, don haka ba ta hana kuskure a ranar da aka fi buƙatarta. Shi ya sa manhajoji da yawa suka koma ga ba da damar janye aiki bayan an yi shi, kamar kwandon shara na fayiloli da janye saƙon da aka aika a Gmail.

Illar sabo ta fito fili a na'urar Therac-25 ta gasa cutar daji, wadda aka ƙera a Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 an samu aƙalla haɗura shida a Amurka da Kanada, inda marasa lafiya suka sha haske mai ƙarfi fiye da kima, wasu kuma suka mutu. Tushen matsalar kurakurai ne a cikin manhajar da rashin kariya a jikin na'urar, amma saƙonninta sun ƙara dagula lamarin. Allonta na rubutu ne zalla, kuma yana nuna kalmar Malfunction da lamba kawai, ba tare da bayanin ma'anarta ba. Ma'aikata sun saba ganin irin waɗannan saƙonni, kuma danna harafin P ya isa a ci gaba da aiki.

An ga irin wannan a fannin tsaro. Windows Vista ya zo da akwatin neman izini kafin a yi wa kwamfuta babban sauyi, amma yawan fitowarsa ya jawo ƙorafi, har Windows 7 na 2009 ya rage shi. A nasa ɓangaren, Android 6.0 na 2015 ya sa manhajoji su riƙa neman izinin kyamara ko wurin da mutum yake a lokacin da suke aiki, maimakon a jero duk izinin lokacin sauke su.

Amfani da shi wajen yaudara

'Yan damfara suna kwaikwayon akwatunan babbar manhaja a shafukan intanet, su ce na'ura ta kamu da ƙwayar cuta, domin mutum ya kira wata lamba ko ya sauke mugunyar manhaja. Saboda haka burauzoji suke nuna sunan shafin da ya fitar da akwati, suna kuma ba da damar hana shi fitar da wasu. Akwai kuma akwatunan da ake tsarawa da gangan yadda amincewa za ta fi ƙi sauƙi. A watan Janairu 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da cin tarar Google yuro miliyan 150 da Facebook yuro miliyan 60 a kan irin wannan tsari wajen neman izinin bibiyar masu ziyara.

Ƙa'idojin tsarawa

Jagororin tsara manhaja sun yi tarayya a kan wasu ƙa'idoji. Saƙo ya faɗi abin da ya faru da abin da mutum zai iya yi. A rubuta aikin a kan maɓalli, kamar Goge ko Adana, maimakon E da A'a. Idan aikin ba ya janyuwa, kada maɓallinsa ya zama wanda aka fifita. Akwatin ya yi aiki da allon madannai kaɗai, kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo ta iya sanar da buɗewarsa. Idan ya rufe, a mayar da mutum daidai inda ya tsaya. Wajen fassara kuma a bar isasshen fili, domin tsawon jimla yana bambanta daga harshe zuwa harshe, sannan a juya tsarin akwatin ga harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, irin su Larabci.