Tsara Hanyoyin Bayanai a Manyan Cibiyoyin Sadarwa na Kwamfuta

Duk saƙon da aka aika ta intanet, ko takardar albashi ce daga sakatariyar ƙaramar hukuma ko hoton da manomi ya tura wa ɗansa a Legas, ba ya tafiya a dunƙule. Ana yayyanka shi, kowane yanki ɗauke da adireshin inda za shi. Na'urar da ke duba adireshin ta zaɓa masa hanya ita ake kira rauta. Aikinta ya yi kama da na ɗan kamasho a tasha: bai san ƙofar gidan da fasinja zai sauka ba, amma ya san motar da zai sa shi.

A ƙaramin ofishi ana iya rubuta wa rauta hanyoyinta da hannu. Amma idan za a haɗa ma'aikatu da asibitoci da sakatariyoyin jiha guda, wajibi ne na'urorin su riƙa sanar da juna halin da hanyoyi suke ciki. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da aka fi amfani da su a cikin gida ita ce OSPF, inda kowace rauta ke riƙe da taswirar hanyoyi, tana lissafa mafi sauƙi. Idan waya ta yanke, sai ta sake lissafi cikin daƙiƙoƙi. Akan raba babbar cibiya yanki-yanki, dukansu a jingine da yanki mai lamba 0, domin kada matsalar lungu ɗaya ta dami kowa.

Tsakanin kamfani da kamfani kuwa, ƙa'idar BGP ce ke aiki, wadda aka ƙirƙiro a 1989. Kowace cibiya tana da lambarta, kuma a Afirka hukumar AFRINIC da ke Morishas ce ke raba lambobin da adireshin. Raunin BGP shi ne yarda: abin da maƙwabci ya sanar, akan ɗauka. A Nuwamba 2018 kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da bayanan da ke zuwa Google suka bi ta Sin da Rasha fiye da awa guda. Tace sanarwar maƙwabci, ke nan, darasi ne da ba a tsallakewa.

Wajen zane, akan bi hawa uku: ƙashin baya, masu rarrabawa, sannan na'urorin da ma'aikata ke jonawa. Kada kuma muhimmin wuri ya dogara da hanya ɗaya. A Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi da dama a Najeriya sun tsaya cik. Cibiyar musayar intanet ta ƙasa, IXPN, wadda aka kafa a 2006 kuma take da reshe a Kano, tana sa bayanan gida su zagaya a gida maimakon su je Turai su dawo.

Mai son koyo zai fara da lissafin raba adireshi, kafin ya shiga matakan jarrabawar Cisco: CCNA, sai CCNP, sai CCIE wadda gwajinta na aiki ke cin awa 8. Manhajojin Packet Tracer da GNS3 suna ba shi damar gwaji a kwamfuta ɗaya ba tare da sayen na'ura ba, kuma Digital Bridge Institute ta hukumar NCC tana da reshe a Kano. A ganinmu, wanda bai taɓa lalata saiti ya gyara da kansa ba, takardarsa kaɗai ba ta isa a damƙa masa cibiya ba.

Ana shawartar jami'an ƙananan hukumomi, kafin su karɓi aiki daga ɗan kwangila, su nemi taswirar cibiyar, da jerin adireshi, da kalmomin sirri na kowace rauta a rubuce. Su kuma sa a cire waya ɗaya a gabansu, su ga ko saƙo zai bi ta ɗaya hanyar.