Kan Macijiya da Takalmi: Yadda Daura Ke Tantance Gwani

Matasan Daura masu ɗinki, zane, ɗaukar hoto ko rubuta manhaja suna yawan jin shawara guda a yau: ka buɗe shafinka a intanet, ka jera ayyukanka, ka bari duniya ta san da kai. Dattawa da dama suna kallon wannan a matsayin baƙuwar ɗabi'a wadda ba ta dace da kunya da kawaicin Bahaushe ba. Tarihin masarautar bai goyi bayan wannan kallo ba. Tun da daɗewa mai sana'a a ƙasar Daura ke neman suna, kuma al'umma ta shimfiɗa masa hanya mai ƙafa uku: aikin da ido zai gani, mutumin da zai tsaya masa shaida, da bakin da zai yayata shi. Shafin intanet ya sauƙaƙa na farko da na uku ƙwarai, amma na tsakiyar, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin, shi ake yawan mantawa.

Labarin kafuwar sarautar kansa yana ɗauke da wannan darasi. An ce macijiyar rijiyar Kusugu ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya je da dare ya sare ta da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Da gari ya waye, Galadima ya hango ya dawo, Kaura ne ya matsa kusa ya tabbatar ta mutu. Da sarauniya Daurama ta yi alkawarin lada ga wanda ya kashe ta, masu da'awa suka yi yawa, kowa na cewa shi ne. Abin da ya raba gardama shi ne kan macijiyar da baƙon ya ɓoye, a wasu ruwayoyin kuma har da takalmin da ya bari a bakin rijiya. Masana suna da gaskiya idan suka ce wannan hikaya ce wadda ba a iya sa mata shekara. Sai dai hikayar da mutane suka zaɓi su riƙe ɗaruruwan shekaru tana bayyana abin da suke darajantawa, kuma wannan ta ware matsayi ga mai kawo hujja, ta kuma ware wani ga mai zuwa ya duba da idonsa.

A kasuwa da unguwa, aikin dubawar nan yana hannun sarakunan sana'a. Sarkin Maƙera, Sarkin Fawa, Sarkin Aska da Sarkin Magina su ke tara mutanensu idan fada na da aiki, su sasanta rigima tsakanin mai sana'a da mai ba da aiki, a da kuma ta hannunsu harajin sana'a ke bi. Don haka sun san wanda hannunsa ya faɗa da wanda bai gama koyo ba. Mai son a haƙa masa rijiya ko a ɗaura masa bakan gizo a soro yakan tambayi wane ne ya koya wa maginin, da kuma gidan wa ya gina, ya je ya ga ko ginin ya ci damina nawa. Mulkin Daura ya sauya hannu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, gidan sarautar Haɓe ya watsu zuwa Zango da Ɓaure, har Turawa suka maido da Malam Musa na wannan gida kan sarautar Daura a 1906, abubuwan da M. G. Smith ya bi diddiginsu a littafinsa na 1978 kan al'amuran Daura. Duk da wannan juyi, naɗin shugabannin sana'a ya ɗore har yau, domin ko wa ke kan karaga, kasuwa tana buƙatar wanda za a kama idan aiki ya ɓaci.

Malamai sun kai tsarin matakin rubutu. Almajirin da ya sauke Alƙur'ani ana yi masa zayyana a allo, ya karanta a gaban jama'a, kowa ya ji da kunnensa. Wanda ya zurfafa a littattafai yakan karɓi ijaza, wadda ke ambaton malaminsa da malamin malaminsa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh musamman domin lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin alfahari, saboda kowane suna da ya ambata ƙofa ce da mai shakka zai iya bi ya bincika.

Mai suka zai ce ai yabon kai jahilci ne, kuma shi ya sa aka bar yabo ga maroƙa da sanƙira. Akwai gaskiya a nan, amma ba dukkanta ba ce. Mafarauta, 'yan tauri da 'yan dambe suna yi wa kansu kirari da bakinsu, ba a kuma ganin laifinsu, domin kirarin ana yin sa ne a bakin fage, inda nan take za a gwada shi. Abin da al'ada ta tsana shi ne cika bakin da babu filin gwaji a bayansa. Wani mai sukar zai zo ta ɗaya gefen ya ce tsohon tsarin na gado ne, ɗan maƙeri shi ke ƙira, baƙo da mace ba su da cikakkiyar murya a ciki. Wannan suka ta fi nauyi. Mata masu saƙa da kitso da sana'ar cikin gida sun daɗe suna dogaro da dillaliya da 'yan talla kafin aikinsu ya fita zaure, kuma waya ta ba su abin da ba su samu ba a da. Amma buɗe ƙofa ga kowa ya ƙara buƙatar shaida ne, tunda yanzu mutum na iya kwafo hoton ɗinkin wani ya liƙa a shafinsa cikin minti ɗaya.

Daura ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a 'yan shekarun nan, kuma waɗanda za su fito daga cikinsu za su nemi aiki wurin mutanen Legas, Abuja ko Yamai da ba su taɓa jin sunan kakanninsu ba. Shafin da zai amfane su shi ne wanda ya faɗi wurin wa aka koya, wa aka yi wa aiki, a wace shekara, da kuma yadda za a tuntuɓi wanda ya yarda ya tsaya shaida. Ayyuka biyar masu irin wannan bayani sun fi hotuna ɗari marasa asali, kuma ƙungiyoyin teloli, kafintoci da masu gyaran waya na masarautar su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin tabbatar da su.