Daga talo-talon Ingila zuwa ƙuli-ƙulinmu: tarihin gubar da ke ɓoye cikin gyaɗa da masara

Tunda kaka ta yi, kowa na ta hidimar ɗura masara da gyaɗa a buhu saboda tsoron tsada, bari in ba ku wani tarihi. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, don maganar ta shafi tukunyar kowane gida.

A shekarar 1960 wata annoba ta faɗa wa gonakin kiwon tsuntsaye a Ingila. Cikin 'yan watanni talo-talo sama da 100,000 suka mutu. Tsuntsu zai daina cin abinci, ya yi laushi, ya faɗi. In an feɗe shi sai a tarar hantarsa ta lalace. Likitocin dabbobi suka yi ta neman ƙwayar cuta ba su samu ba, har suka laƙaba wa abin suna "cutar X", wato cutar da ba a san kanta ba. Da aka bi diddigi sai aka gano duk gonakin da abin ya shafa abinci iri ɗaya suke ba tsuntsayen: tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A daidai lokacin kuma aka samu rahoton mutuwar 'ya'yan agwagi a Kenya da Uganda, su ma tunkuzar gyaɗa ce, amma ta can gida.

A 1961 aka kama ɓarawon. Wata funfuna ce mai suna Aspergillus flavus, mai launin kore-kore da rawaya, wadda ke zaune cikin ƙasa a wurare masu zafi. In ta samu hatsi mai danshi sai ta yaɗu ta fitar da guba. Daga sunanta aka ciro sunan gubar, aflatoxin. A shekarar dai aka ciyar da ɓeraye wannan tunkuza, sai ga kansar hanta ta fito musu. Nan fa hankalin masana ya tashi, domin tambayar ta koma: to mutanen da gyaɗa da masara ne abincinsu na kullum fa?

Ku tuna a wancan lokacin ina gyaɗar duniya take. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 kasuwar gyaɗa ta buɗe, attajirai irin su Alhassan Dantata suka yi suna da ita, dalar gyaɗa ta zama tambarin birnin. Zuwa shekarun 1960 Najeriya na sahun gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma Turai ce babbar mai saye. Fari na farkon shekarun 1970, da cutar da ta cinye gonakin gyaɗa a 1975, da kuɗin fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati, su suka rusa dalar. Amma ko da manomi ya farfaɗo, ya tarar an ƙara wa ƙofar Turai sakata. Yau Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Su sun kare mutanensu, kuma ba laifi suka yi ba. Abin tambaya shi ne, wadda ba ta ci jarrabawar ba ina take zuwa? Amsar kun san ta: kasuwarmu, sannan cikinmu.

Gubar na kisa ta hanya biyu. In ta yi yawa a lokaci guda, take take kashe hanta. Haka ta faru a yammacin Indiya a 1974, inda mutane kusan ɗari suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. Haka kuma a gabashin Kenya a 2004: an yi fari, sai ruwa ya sauko daidai lokacin girbi, mutane suka adana masara ba ta gama bushewa ba. Mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu.

Hanya ta biyu ita ta fi damuna, don ba ta da hayaniya. Kaɗan-kaɗan ne, yau a tuwo, gobe a kunun gyaɗa, jibi a yajin tsire, shekara da shekaru. Hanta ce ke tace duk abin da muka ci. Garin ƙoƙarin narkar da gubar sai ta juya ta zuwa wani sinadari da ke manne wa ƙwayoyin gado na hantar, ya ɓata su. A 1991 masana suka gano tabon wannan ɓarna a kan wata ƙwayar gado mai suna p53, wadda aikinta shi ne taka wa kansa birki, a jikin masu kansar hanta daga Sin da kudancin Afirka. Tun 1987 ma hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aflatoxin a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam.

Ga inda abin ya fi muni. Wani bincike da aka yi kan maza sama da 18,000 a birnin Shanghai ya nuna mai ɗauke da gubar kaɗai haɗarinsa na kamuwa da kansar hanta ya ninka kamar sau 3. Mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B kaɗai, kamar sau 7. Wanda ya haɗa biyun kuwa, kusan sau 60. To ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a Afirka ta Yamma, da yawa suna ɗauke da shi tun suna yara ba su sani ba. Shi ya sa kansar hanta a wajenmu take ɗaukar magidanci ɗan shekara talatin da wani abu ko arba'in. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce sammu ne ko shawara, kafin a kai asibiti aikin gama ya gama.

Amma tarihin bai ƙare da baƙin ciki ba. A yankin Qidong na ƙasar Sin, masara ce abincin mutane, kuma kansar hanta ta yi musu yawa ƙwarai. A shekarun 1980 da aka sassauta dokokin kasuwa suka koma cin shinkafa. Gubar ta ragu a jininsu, mace-macen kansar hanta suka sauka sosai, har a cikin waɗanda ba a taɓa yi wa allurar rigakafi ba. A Gambiya, ƙasar gyaɗa irin tamu, tun 1986 aka fara yi wa jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B. Najeriya ta sa shi cikin rigakafin yara a 2004. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta samar da Aflasafe: ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da irin funfunar da ba ta fitar da guba, ana watsa ta a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai ta rigaya mai gubar kama wuri.

Ba cewa nake a daina cin gyaɗa ko masara ba, ina! Ga dai abin da ke hannunmu:

A shanya a kan tamfol ko daɓe, kada a zube a ƙasa tsurarta, a kuma kwashe kafin raɓa. A bari ya bushe ƙarau kafin ya shiga buhu. A ɗora buhu kan katako, kada ya jingina da bango, a kiyaye yoyo da ƙwari, don hatsin da ƙwaro ya huda shi funfuna ta fi kamawa.

A tsince. Ƙwayar da ta yanƙwane, ta canja launi, ko take ɗaci, a zubar ko a binne. Al'adar nan ta kai mai kyau kasuwa a bar tsintar a gida don ƙuli-ƙuli ko miya, wallahi kanmu muke cuta. Kada kuma a ba saniya ko akuya, domin gubar na fitowa ta nono.

A sani suya da dafuwa ba sa kashe ta. Wanke funfunar ma ba ya fitar da gubar da ta riga ta shiga ƙwaya.

Sannan babba ya je a gwada jininsa ya san matsayinsa kan ciwon hanta nau'in B, jariri kuma a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa.

Turawa tsuntsayensu ne suka mutu, suka tashi tsaye har suka gano gubar cikin shekara ɗaya. Mu sama da shekara sittin ke nan da sanin sunanta, kuma mutanenmu take ɗauka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ku tura wa wanda kuka san yana ajiyar hatsi bana, da iyayenmu mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu ci abin da muka noma lafiya.